Tambaya da Amsa: Tangaran da Ake Haɗawa da Iskar Naitirojin

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyancin sarrafa ƙarafa da kayan ƙira a Zariya. Malaminmu ya ce silikon naitiraid tangaran ne, sannan kuma ya ce da shi ake yin ƙwallayen boris na injuna masu gudun gaske. Abin ya ɗaure mini kai, domin tangaran ɗin da na sani shi ne faranti da kofin shayi, waɗanda da sun faɗi ƙasa sai su tarwatse. Ta yaya ake haɗa shi, kuma mene ne bambancin alfa da beta da muke ta gani a takardunmu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam ɗalibi, zan ɗan tsawaita a kan tambayarka, domin sauran tambayoyin wannan fitowar duk a kanta suka rataya.

Farantin da ka sani da yumɓu aka yi shi, wato silikon da alminiyam haɗe da oksijin, kuma cikinsa akwai ƙananan ramuka da gilas mai saurin tsagewa. Silikon naitiraid ɗan'uwansa ne ta fuska biyu: shi ma ba ƙarfe ba ne, kuma shi ma da gari ake farawa sannan a gasa. Inda suka rabu shi ne naitirojin ya shiga gurbin oksijin, ƙwayoyin zarra uku na silikon ga huɗu na naitirojin, abin da ake rubutawa Si₃N₄. Wannan musanya ba ƙarama ba ce. A cikin yashi, kowace ƙwayar oksijin silikon biyu take riƙewa, amma a cikin silikon naitiraid kowace ƙwayar naitirojin uku take riƙewa, saboda haka saƙar ta fi matsewa, ta fi tauri, ta kuma fi jure zafi.

Sai dai naitirojin ba ya yarda a haɗa shi da wani abu cikin sauƙi. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma ƙwayoyinsa biyu-biyu suke tafiya, ɗaure da juna da ɗauri uku, kuma kwance wannan ɗauri yana buƙatar ƙarfi mai yawan gaske, domin yana cikin mafi ƙarfin ɗaurin da aka sani a ilimin sinadarai. Oksijin kuwa a shirye yake kullum, da ya sami silikon mai zafi sai ya riga naitirojin kama shi. Shi ya sa duwatsun ƙasa cike suke da silika, wato silikon haɗe da oksijin irin na yashi, amma silikon naitiraid na halitta sai a 'yan ƙwayoyi ƙanana cikin duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya. Shi ya sa kuma duk wanda zai haɗa shi, aikinsa na farko shi ne ya kori iskar waje daga tanderunsa. Masana biyu, Bafaranshe Henri Sainte-Claire Deville da Bajamushe Friedrich Wöhler, su suka fara haɗa shi a 1857, amma ya yi kusan shekara ɗari ba wanda ya san abin da za a yi da shi, sai a shekarun 1950 da injiniyoyi a Ingila suka shiga neman abin da zai jure zafin injunan jirgin sama.

Hanya ta farko ita ce a niƙa silikon ya yi laushi, a sa shi a tanderu cike da naitirojin, a kai zafin tsakanin digiri 1200 da 1400 a ma'aunin Salshiyas. Wahalar da ke nan ita ce haɗuwar da kanta tana fitar da zafi, silikon kuma yana narkewa a digiri 1414. Idan mai aikin ya yi gaggawa, garin zai narke ya dunƙule, iska ba za ta sami hanyar shiga ba, a ƙarshe a sami ɓawon naitiraid a waje da ɗanyen silikon a ciki. Don haka a hankali ake ɗaga wutar, aikin ya ɗauki kwanaki. Akwai gwaji mai sauƙi da nake so ka riƙe: idan haɗuwar ta cika, nauyin garin zai ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku, wato giram 100 na silikon zai koma kimanin giram 166. Sikeli kaɗai zai gaya maka ko aikin ya nuna kafin ka je wajen wata babbar na'ura.

Hanya ta biyu da silika ake farawa. Ana cuɗa ta da kabon a gasa cikin naitirojin a tsakanin digiri 1400 da 1450, kabon ya janye oksijin ya fice da shi a matsayin iskar kabon monoksaid, naitirojin ya zauna a gurbin. Zan dawo kanta a tambaya ta ƙarshe. Ta uku ita ce mai tsada, kuma ita ke ba da gari mafi tsabta. Ana haɗa ruwan silikon tetirakuloraid da amoniya cikin sanyi, a sami wani farin abu da ake kira silikon dayimaid, a gasa shi zuwa wajen digiri 1000 ya zama naitiraid wanda ƙwayoyinsa ba su jeru ba tukuna, sannan a ƙara wuta har su jeru. Kamfanin Ube na Japan ya yi suna da wannan hanya. Dalilin da ya sa ake komawa ga amoniya shi ne a cikinta an riga an kwance wancan ɗauri uku, kowace ƙwayar naitirojin tana tsaye ita kaɗai da haidirojin uku, saboda haka ta fi saurin haɗuwa.

Yanzu batun alfa da beta. Abin da ake nufi da tsarin kiristal shi ne yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa suna maimaita kansu a tsaye da kwance. Ba a ganinsa da ido, sai an haska garin da hasken eksire an auna kusurwoyin da hasken ya karkata, dabarar da Max von Laue ya gano a 1912, William Bragg da ɗansa Lawrence suka mai da ita hanyar aiki a 1913. Da ita ce wasu masana biyu, Hardie da Jack, suka bayyana siffofin silikon naitiraid guda biyu a 1957. A duka biyun tubalin ginin ɗaya ne: silikon a tsakiya, naitirojin huɗu sun kewaye shi a siffar dala mai fuska huɗu, dalolin suna haɗuwa a kusurwoyinsu. Bambancin yana wajen ɗora hawa a kan hawa. A beta hawa biyu ne ke maimaituwa, A da B, A da B, don haka zobban da ke kowane hawa suna faɗawa daidai a kan na ƙasa, sai a sami dogayen ramuka da suka ratsa kiristal ɗin daga sama har ƙasa. A alfa hawa huɗu ne, A da B da C da D, biyun ƙarshe juyayyun biyun farko ne, sai ramukan su toshe su zama 'yan ɗakuna rufaffu. Ƙaramin akwatin da ke maimaituwa a beta yana ɗauke da ƙwayoyi 14, tsawonsa kimanin nanomita 0.29 (nanomita shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita), na alfa kuwa ƙwayoyi 28, tsawonsa kimanin nanomita 0.56, kusan ninki biyu, kamar yadda lissafin hawa ya nuna. Akwai siffa ta uku mai suna gama, wadda masana a Jamus suka samar a 1999 da matsi sama da gigafaskal 15, wato kimanin ninki dubu 150 na matsin iskar da ke kanmu, da zafi mai tsanani. A cikinta wasu ƙwayoyin silikon naitirojin shida ne ke kewaye da su, kuma ta fi sauran biyun tauri, amma har yanzu kayan ɗakin bincike ce.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin haddar jarrabawa kawai, domin a nan amsar boris take. Ƙarfin ɗaurin da ya sa wannan abu ya yi tauri shi ne kuma ya hana garinsa dunƙulewa a wuta. Ƙwayoyin ba sa motsawa daga gurbinsu balle su cike ramuka, kuma idan ka matsa da wuta zuwa wajen digiri 1900, maimakon ya narke sai ya wargaje ya koma silikon da iska. Mafitar da aka samo ita ce a ƙara ɗan garin oksaid na magniziyam, ko na itiriyam da alminiyam. Kowace ƙwayar garin naitiraid dama tana da siririn ɓawon silika a jikinta, sai wannan ɓawo ya haɗu da abin da aka ƙara ya zama ruwa a wajen digiri 1700 zuwa 1800. Alfa yana narkewa cikin wannan ruwa, kuma idan ya sake daskarewa a siffar beta yake fitowa, beta kuwa ta fi saurin girma ta tsawonta fiye da ta faɗinta, sai ta fito kamar dogayen sanduna masu gefe shida da suka sarƙe da juna. Magina sun san amfanin wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa suke cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su yi tubali. Tsagar da ta taso sai ta yi ta kewaye sandunan, wasu su gitta mata su riƙe bakinta, ƙarfinta ya ƙare kafin ta ratsa. Wannan ne dalilin da masu saye ke neman gari mai alfa sama da kashi 90 cikin ɗari, alhali abin da suke so a ƙarshe beta ne: sauyawar daga wannan zuwa wancan ita ke haifar da sandunan. Ƙwallayen boris kuwa ana ƙara matse su da iska mai matsi daga kowane ɓangare suna cikin wuta, don kada rami ko ɗaya ya rage.

Abin da ake samu yana da nauyin giram 3.2 a kowane akwati mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, alhali ƙarfe yana da 7.8, ba ya tsatsa, ba ya wuce da lantarki, kuma ba ya kumbura sosai da zafi. An yi amfani da irin waɗannan ƙwallaye a famfunan manyan injunan kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, yau kuma suna cikin injunan motocin lantarki da janaretocin da iska ke juyawa. Amma ina so ka san iyakarsa. Ruwan nan da ya taimaka wajen gashi yana daskarewa ya zama gilas tsakanin sandunan, kuma shi ne ke fara laushi idan zafi ya wuce digiri 1000 da wani abu. Neman rage wannan gilas ne ya kai ga sayalon, wanda Kenneth Jack a Niyukasul ta Ingila da wasu masana a Japan suka gano a farkon shekarun 1970, inda alminiyam da oksijin ke shiga cikin kiristal ɗin kansa su zauna a gurbin wani ɓangare na silikon da naitirojin. Amurka da Japan da Jamus sun kashe kuɗi mai yawa a shekarun 1970 da 1980 da burin yin injin mota na tangaran zalla, burin bai cika ba, saboda tsada da kuma cewa rami ɗaya da ido ba ya gani yana iya karya abu gaba ɗaya. A ganina wannan tarihi ya fi jerin amfanoninsa daraja ga ɗalibi, domin yana nuna cewa tauri daban, juriya ga duka daban.

TAMBAYA: Malam, ni mai walda ne a Kano. Bakin injin huda ƙarfe mai ruwan zinare ya fi baƙin tsada. Shin da gaske akwai zinare a jikinsa?

AMSA: Babu ko ɗigon zinare, maigida. Idan na gaske ne, abin da kake gani titaniyam naitiraid ne, kuma launin nasa ne na asali. Tsarinsa irin na gishirin miya ne: titaniyam da naitirojin suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya a siffar akwati mai gefe daidai, kowace ƙwaya shida na ɗayan sun kewaye ta. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 2900, kuma ya fi ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tauri nesa ba kusa ba. Ana shafa shi ne a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a mai da titaniyam tururi da wutar lantarki, a saki naitirojin kaɗan, su haɗu a jikin ƙarfen. Kaurin shafin 'yan maikiromita ne kawai, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Saboda haka da zarar ka wasa bakin a dutse, shafin da ke kan kaifin ya tafi. Kuma shafi ba ya gyara ƙarfe maras kyau, idan na cikin mai laushi ne zai lanƙwashe duk da kyan launinsa, don haka ka fi mai da hankali ga ingancin ƙarfen kafin launi.

TAMBAYA: Ina koyar da ilimin sinadarai a makarantar 'yan mata a Katsina. Na karanta cewa ana sa boron naitiraid a hodar kwalliya saboda santsinsa, na kuma karanta cewa yana bin daimon a tauri. Wanne ne gaskiya? Ina so in yi wa ɗalibaina bayani.

AMSA: Malama, duka biyun gaskiya ne, kuma da wuya ki sami misalin da ya fi wannan kyau wajen nuna wa ɗalibai abin da tsarin kiristal yake yi. A jadawalin sinadarai boron yana gaban kabon da gida ɗaya, naitirojin yana bayansa da gida ɗaya. Idan suka haɗu ɗaya da ɗaya, adadin ilaktoron ɗinsu daidai yake da na kabon biyu, saboda haka suna kwaikwayon kabon a siffofinsa biyu, wato girafait da ke cikin fensir da kuma daimon.

A siffa ta farko boron da naitirojin suna yin zobba masu kusurwa shida a shimfiɗe, tazarar ƙwaya da ƙwaya kimanin nanomita 0.145, ɗaurin kuma mai ƙarfi ƙwarai. Amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa tazarar ta kai nanomita 0.33, riƙon kuma rarrauna ne, sai shimfiɗun su riƙa zamewa a kan juna. Santsin ke nan. Akwai bambanci ɗaya da girafait da ya kamata ɗalibanki su lura da shi: naitirojin yana riƙe ilaktoron ɗinsa kusa da shi, ba sa yawo cikin shimfiɗar, don haka wannan gari fari ne kuma ba ya wuce da lantarki, alhali girafait baƙi ne yana wucewa da shi. William Balmain ne ya fara haɗa shi a Ingila a 1842. A masana'antu yau ana gasa asid na boron da yuriya ko melamin cikin amoniya a wajen digiri 900, sannan a ƙara wuta sama da 1500 don shimfiɗun su daidaita. Yuriyar nan ita ce dai wadda manoma ke zubawa a gonar masara, sai dai mai tsabta.

Siffa ta biyu Robert Wentorf ne ya samar da ita a 1957 a ɗakin binciken kamfanin General Electric a Amurka, wanda yana cikin waɗanda suka yi daimon na ƙira a wurin 'yan shekaru kafin nan. Idan aka matse farin garin da matsi na gigafaskal 5 zuwa sama, wato kimanin ninki dubu 50 na matsin iskar da ke kanmu ko fiye, a zafin wajen digiri 1500, tare da wani abu mai taimaka wa narkewa irin naitiraid na litiyam, shimfiɗun sai su lanƙwashe su kama juna, kowace ƙwaya ta riƙe huɗu a kowane ɓangare kamar yadda yake a daimon. Babu sauran wurin zamewa. Kuma akwai inda ya fi daimon amfani: daimon kabon ne, ƙarfe mai zafi kuwa yana shan kabon, don haka daimon yana saurin cinyewa idan aka yanki ƙarfe da shi, boron naitiraid kuwa ba ya yin haka. Shi ya sa masana'antun motoci da shi suke gogewa da yankan ƙarfen da aka taurara.

TAMBAYA: A wajenmu Kura ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi yake a bayan injunan casa. Wani ya ce mini ana iya yin irin wannan tangaran da shi. Haka ne?

AMSA: Haka ne, ɗan'uwa, kuma masu bincike a ƙasashe da dama sun yi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne, shi kuma ɓuntun idan an ƙone shi tokarsa ta kan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa, mafi yawanta silika. Abin da ya sa ya dace da hanya ta biyu da na ambata a sama shi ne shukar ta riga ta cuɗa silika da kabon da kanta, cuɗawar da ta fi wadda injin niƙa zai yi. Ana wanke ɓuntun da asid don a cire fotasiyam da ƙarfe da sauran datti, a babbake shi ba tare da iska ba har ya zama gawayi, sannan a gasa gawayin cikin naitirojin mai gudana na sa'o'i a wajen digiri 1400 zuwa 1450. Daga baya a ƙone ragowar kabon a iska da wuta mai sauƙi, wajen digiri 600 zuwa 700.

Tazarar zafin da aikin ke yiwuwa a cikinta ƙunci gare ta. Idan wuta ta haura wajen 1500, kabon ne zai kama silikon a sami silikon kabaid maimakon naitiraid. Idan iskar waje ta kutsa, ko naitirojin ɗin ba mai tsabta ba ne, sai a sami wani haɗi mai oksijin a ciki. Idan lantarki ya ɗauke ana tsakiyar gashi, aikin ya lalace. Saboda haka ba sana'ar da za a fara a bayan injin casa ba ce, amma bincike ne da ya dace ƙwarai da sassan injiniyanci na jami'o'inmu, kuma ina ganin ya kamata masu injunan casa da malaman jami'a su zauna a kansa. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya sa burinsa a kan garin yin boris, wanda ke buƙatar tsabtar da ɓuntu zai yi wuyar bayarwa. Ya nufi garin da ake yin kayan jure zafi na tanderu da na narka alminiyam, inda ɗan datti ba ya hana aiki. Kowane gashi kuma ya kai samfurinsa a haska da eksire, ya duba yawan alfa da beta, ya ga ko silikon kabaid ya shiga, ya rubuta zafi da tsawon lokaci da gudun iskar da ya yi amfani da su, sannan ya sauya abu ɗaya tak a gashi na gaba.